Zaɓen Fitilar UV Domin Tankin Kifi: Misali Daga Zangon Kumasi

1.0 Gabatarwa

Zangon Kumasi, wanda mazauna wurin suka fi kira Zongo, ya bunƙasa ne a kan fataucin goro da dabbobi tsakanin ƙasar Asante da arewa. Hausa ita ce harshen hulɗa a unguwanni irin su Sabon Zango da Aboabo da Asawase, kuma gidajen wurin galibi na haya ne masu tsakar gida ɗaya, inda fili ya yi ƙaranci. Mai sha'awar kiwon kifi a irin wannan muhalli ba shi da wurin haƙa tafki, saboda haka tanki ne mafitarsa: ko dai tankin gilashi na kifin ado da akan ajiye a falo ko shago, ko kuma tankin roba ko na tamfol da ake kiwon tarwaɗa a ciki.

Duk wanda ya tara kifi a ƙuntataccen ruwa yakan gamu da matsaloli biyu. Ta farko ita ce ruwan ya rikiɗe ya zama kore har a daina ganin kifin. Ta biyu kuwa ita ce cuta, wadda kan shiga ta kashe kifi da yawa cikin 'yan kwanaki. Daga cikin kayan da ake tallata wa masu kiwo domin waɗannan matsaloli akwai fitilar UV. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda fitilar take aiki da kuma yadda ake zaɓen wadda ta dace. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin kwali bai isa a yi zaɓe da shi ba. Abin lura shi ne yawan hasken da kowane ɗigon ruwa yake samu a yayin da yake wucewa ta gaban fitilar, kuma wannan ya dogara ne a kan saurin ruwan da tsabtarsa.

2.0 Mene Ne Hasken UV?

Masu sauraren rediyo sun saba da kalmomin gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ma yana da nasa zangon, sai dai gajartarsa ta kai a auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon mutum yana ganin hasken da zangonsa ya kama daga nanomita 400 zuwa 700, kuma su ne launukan bakan gizo, daga shunayya zuwa ja. Hasken da zangonsa ya gaza 400 ido ba ya ganinsa, shi ne ake kira altirabayolet, ko UV a taƙaice. Wani Bajamushe mai suna Johann Wilhelm Ritter ne ya gano shi a shekarar 1801, lokacin da ya lura cewa wani sinadarin azurfa yana yin baƙi da sauri idan aka ajiye shi gaba da launin shunayya, a wurin da ido ba ya ganin komai.

An kasa wannan haske gida uku:

(a) UV-A, daga nanomita 315 zuwa 400. Shi ne na fitilar da ake haska takardar kuɗi da ita domin gane jabu.

(b) UV-B, daga 280 zuwa 315. Shi ne yake ƙona fatar wanda ya daɗe a rana.

(c) UV-C, daga 100 zuwa 280. Wannan ba ya isowa ƙasa daga rana, domin iskar sararin samaniya tana tare shi. Shi ne kuma yake kashe ƙwayoyin cuta da sauri.

A shekarar 1877 wasu Turawan Ingila biyu, Arthur Downes da Thomas Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana bakteriya yaɗuwa. A 1903 aka ba Niels Finsen, likita a ƙasar Denmak, kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da ya yi da haske. A 1910 kuma aka fara gwada tsabtace ruwan sha da fitilar UV a birnin Marseille na Faransa. Ke nan dabarar ta haura shekara ɗari. A Gana ma ba baƙuwa ba ce, domin masana'antun ruwan leda, wanda ake kira fiya wata, sukan bi da ruwansu ta cikin irin wannan fitila kafin su ƙulla shi.

3.0 Yadda Fitilar Take Aiki

Na'urar ta ƙunshi abubuwa huɗu. Akwai ƙwan fitila dogo mai ɗauke da tururin zaiba, wanda yake fitar da haske a kan nanomita 254. Akwai kuben da ƙwan yake ciki, wanda ake yi da gilashin kwaz, domin gilashin taga na yau da kullum ba ya barin UV-C ya ratsa shi. Amfanin kuben shi ne ya raba ƙwan da ruwa, ya kuma riƙe masa ɗumi, saboda ƙwan ya fi ba da haske idan zafin jikinsa ya kai wajen digiri 40. Sai bututun waje wanda ruwa yake bi ta cikinsa yana kewaye kuben. Na huɗu shi ne ɗan akwatin da yake daidaita wutar lantarki.

Idan ƙwayar cuta ta biyo ruwa ta wuce gaban ƙwan, hasken yakan ratsa ta ya lalata sinadarin gadonta, wato DNA, wanda ya fi shan haske a kusa da nanomita 260. Da zarar hakan ta faru ƙwayar ba za ta iya hayayyafa ba, kuma wadda ba ta hayayyafa ba ta iya haddasa cuta. Babu wani magani da ake zubawa a ruwan, babu kuma abin da yake saura a cikinsa bayan ya wuce.

Wannan siffa ta ƙarshe ita ce falalar fitilar, ita ce kuma iyakarta. Tun da ba ta barin komai a ruwa, abin da ya bi ta gabanta kaɗai take taɓawa. Ƙwayar da take manne a jikin kifi, ko a ƙasan tanki, ko a jikin gilashi, ba ta san ma an kunna fitila ba.

4.0 Rabon Haske

A wannan takarda za a yi amfani da kalmar rabon haske domin nufin jimillar hasken da ruwa ya samu a wucewa ɗaya. Ana samun sa ne ta hanyar ninka ƙarfin hasken da yawan daƙiƙoƙin da ruwan ya yi a gaban ƙwan. Ma'auninsa shi ne milijul a kan kowace murabba'in santimita, amma domin sauƙi za a riƙa cewa milijul kawai. Ana iya kwatanta abin da gashin nama: tsananin wuta da daɗewar nama a kanta, su biyun ne suke haɗuwa su ba da gasuwa. Naman da aka gitta ta kan wuta aka ɗauke nan take ɗanye yake, komai ƙarfin garwashin.

Kowace halitta da nata rabon da yake kashe ta. A tsakanin masu kiwon kifi an fi ɗaukar milijul 30 a matsayin abin da ya ishi yawancin bakteriya da kuma gansakuka mai yawo a ruwa, wato wadda take mai da ruwa kore. Ƙananan ƙwari masu ƙwayar halitta ɗaya, irin wanda yake sa kifi ya yi fararen ɗige-ɗige a jiki, sun fi taurin rai, sukan bukaci milijul 100 ko fiye. Bairos kuwa iri-iri ne: wasu kaɗan ya ishe su, wasu kuma sai an haura 100. Domin kwatance, ƙa'idar Amurka ta na'urorin tsabtace ruwan sha a gida, mai lamba NSF/ANSI 55, ta tanadi milijul 40 ga na'urar aji na farko.

Misali zai ƙara fito da ma'anar. A ɗauka akwai tankin ado mai cin lita 200, da na'urar da bututunta yake ɗaukar rabin lita na ruwa, kuma matsakaicin ƙarfin haske a cikin bututun miliwat 10 ne a kan kowace murabba'in santimita. Idan injin yana tura lita 600 a awa, wato lita 10 a minti, ruwa zai yi daƙiƙa 3 a cikin bututun. An ninka 10 sau 3, an sami milijul 30. Wannan ya isa ya washe koren ruwa. Idan kuwa aka rage gudun ruwan zuwa lita 200 a awa, zai yi daƙiƙa 9 a ciki, rabonsa ya tashi zuwa milijul 90, ya kusa abin da ƙwarin fararen ɗige-ɗige suke bukata. Idan aka haɗa na'urar da babban inji mai tura lita 1,800 a awa, daƙiƙa 1 kawai ruwan zai yi, rabonsa milijul 10, wanda ko koren ruwan ba lallai ne ya magance ba. Fitila ɗaya ce a duk lissafin uku, gudun ruwa ne kawai ya sauya.

Sai dai rage gudu yana da iyaka. Bakteriya da gansakuka suna hayayyafa a cikin tanki a daidai lokacin da fitila take kashe waɗanda suka iso gare ta. Idan ruwan yana tafiya a hankali ƙwarai, hayayyafar za ta rinjayi kisan. Shi ya sa akan so ruwan tankin ado gaba ɗaya ya bi ta fitila aƙalla sau ɗaya a kowace awa. A misalin da ya gabata, lita 200 a awa ta cika wannan sharaɗi daidai. Da tankin na lita 600 ne, sai an nemi fitila mai ƙarfi ko mai dogon bututu, wadda za ta ba da rabon da ake so ba tare da an rage gudun ruwa ba.

5.0 Tambayoyin da Za a Amsa Kafin Saye

5.1 Me ake son kashewa?

Wanda koren ruwa ne kaɗai damuwarsa, ƙaramar fitila ta ishe shi, kuma yakan ga sakamako cikin kwana uku zuwa mako guda. Wanda yake son rage yaɗuwar cuta tsakanin kifaye masu tsada, ko yake ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, yana bukatar rabo mai yawa. A kasuwa akan sami na'urar da aka rubuta mata mai washe ruwa da kuma wadda aka rubuta mata mai kashe ƙwayoyin cuta. Sau da yawa ƙwan iri ɗaya ne, bambancin yana ga gudun ruwan da aka tsara mata.

5.2 Ruwa nawa ne, kuma da wane gudu yake tafiya?

Ana gane cin tanki mai kusurwa huɗu ta hanyar ninka tsawo da faɗi da zurfin ruwa a santimita, a raba da 1,000. Tanki mai tsawon santimita 100 da faɗin 40 da zurfin 50 yana cin lita 200. Game da gudu kuwa, bai kamata a dogara da lambar da ke jikin inji ba, domin tsawon tiyo da tudun da ruwa yake hawa da dattin mataci duk suna rage ta. Hanya mafi inganci ita ce a tara bokitin da aka san cinsa a bakin tiyo, a duba agogo. Idan bokiti mai lita 10 ya cika cikin minti 2, gudun lita 300 ne a awa.

5.3 Me kamfanin ya rubuta?

Na'urar kirki takan zo da jadawalin da yake nuna rabon hasken da take bayarwa a kowane gudu. Wadda aka rubuta mata girman tanki kawai, kamar a ce ta dace da tanki har zuwa lita kaza, ba a faɗi komai game da rabo ba, to a ɗauke ta a matsayin mai washe koren ruwa. Haka kuma a sani cewa wat ɗin da aka rubuta na wutar da ƙwan yake sha ne. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake zama UV-C, sauran zafi ne da hasken da ido yake gani. Ban da wannan, idan ƙwai biyu sun yi daidai a wat, na dogon bututu siriri yakan fi na gajere mai kauri aiki, domin ruwan yana daɗewa kusa da hasken.

5.4 Ana samun ƙwan canji?

Wannan tambaya ta fi muhimmanci a wuri irin Kumasi, inda daga waje ake shigo da waɗannan kaya. Ƙwan yana da wa'adi, kuben kwaz yana fashewa, zoben robar da yake hana yoyo yana bushewa. Na'urar da ba a samun kayan gyaranta a gari, ranar da ƙwanta ya mutu ta zama tarkace. Kafin a biya kuɗi yana da kyau a nemi mai shago ya nuna ƙwan canji da farashinsa, in da hali ma a sayi ɗaya a ajiye.

6.0 Ire-iren Na'urar

Iri na farko shi ne wanda ake haɗawa a kan tiyo a wajen tanki, bayan mataci. Shi ya fi inganci, domin ana iya sa masa makunni a daidaita gudun ruwa yadda ake so, kuma wanke shi ba ya da wuya. Iri na biyu shi ne wanda ake nutsarwa a cikin tanki, yana da ɗan injinsa a jiki da rufaffen gida. Ya dace da ƙaramin tankin falo, sai dai gudunsa a ƙayyade yake, kuma galibi koren ruwa ne iyakar ƙarfinsa. Iri na uku tsirarar fitila ce marar gida. Wannan ba a sa ta inda kifi yake, domin takan lalata musu ido da fata. Wurinta shi ne rufaffen ɗakin mataci wanda haske ba ya fita daga cikinsa.

Akwai kuma fitilun LED masu ba da UV-C, waɗanda babu zaiba a cikinsu, kuma kunnawa da kashewa ba ya cutar da su. Amma a nan ne aka fi samun algus, domin akan sayar da LED mai launin shunayya, irin ta duba kuɗi, da sunan mai kashe ƙwayoyin cuta, alhali kuwa UV-A take bayarwa. Abin dubawa shi ne lambar zangon: idan ba ta faɗa tsakanin 250 da 280 ba, ba ta wannan aiki ba ce. Hausawa suna cewa araha ba ta ado.

7.0 Yanayin Kumasi

7.1 Ruwa

Ruwan famfon Kumasi yana fitowa ne daga madatsun ruwa na Barekese da Owabi, kuma ana sa masa sinadarin kulorin. Fitilar UV ta tankin kifi ba ta cire kulorin, shi kuwa guba ne ga kifi. Dole a tara ruwan ya kwana ana busa masa iska, ko a sa masa maganin da yake kashe kulorin. Gidaje da yawa kuma da rijiya ko burtsatse suke amfani. Idan ruwan rijiya yana barin jan tabo a bokiti, alama ce ta sinadarin ƙarfe, wanda yake shanye hasken UV, yake kuma dasƙarewa a jikin kuben kwaz. Ga ruwan sha, masu ƙera na'urorin sukan so kada ƙarfe ya wuce miligiram 0.3 a lita. Da damina kuma ruwa yakan gurɓace da laka, kuma kowane ƙwayar laka garkuwa ce da ƙwayoyin cuta suke fakewa a bayanta. Daga nan ne aka samo ƙa'idar cewa mataci yake gaba, fitila tana biye.

Wannan ƙa'ida tana da darasi ga mai kiwon tarwaɗa a tankin tamfol. Ruwan irin wannan tanki cike yake da kashin kifi da ragowar abinci, har ba a ganin tafin hannu idan aka nutsa shi. Haske ba zai ratsa shi ba. Sa fitila a nan asarar kuɗi ce. Canjin ruwa a kan kari da rage cunkoso su ne magani. Inda fitilar take da amfani ga mai tarwaɗa shi ne wurin ƙyanƙyasa, a kan bututun da yake kawo tataccen ruwa ga ƙwai da 'ya'yan kifi, ko kuma a tsarin da ake tace ruwa ana mai da shi tanki. Na'urar ƙarfe irin ta masu ruwan leda tana iya yin wannan aiki, amma gudun da aka rubuta mata na ruwa ne garau, saboda haka sai an rage shi. Akasin haka kuwa bai halatta ba: fitilar tankin ado ba a tsara ta domin ruwan da mutum zai sha ba.

7.2 Wutar lantarki

Wutar Gana bolt 230 ce, saboda haka na'urar da aka yi domin Amurka, mai bolt 120, za ta ƙone idan aka jona ta kai tsaye. Mutanen ƙasar ba su manta da matsalar ɗauke wuta da suka laƙaba wa suna dumsor ba, wadda ta yi tsanani daga 2012 zuwa 2016. Yawan kunnawa da kashewa yana rage kwanan ƙwan zaiba, hawa da saukar wuta kuma yana ƙona akwatin daidaita ta, don haka na'urar kare kayan wuta tana cikin lissafin kuɗin saye. Idan an ɗauke wuta kuma batir ko janareta ba zai ɗauki komai da komai ba, injin busa iska ne ya fi cancanta, domin rashin iska yana kashe kifi cikin awoyi.

Cin wutar fitilar ba shi da yawa. Mai wat 9 da take ci dare da rana tana shan kimanin yunit 6 da rabi a wata, mai wat 25 kuma yunit 18, ban da na injin tura ruwa.

8.0 Abin da Fitilar Ba Ta Yi

Cutar fararen ɗige-ɗige misali ce mai kyau. Ƙwaron da yake kawo ta yana rayuwa a ƙarƙashin fatar kifi, idan ya ƙoshi sai ya faɗo ƙasan tanki ya lulluɓe kansa, ya rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su fito suna iyo suna neman kifi. A wannan mataki na iyo kaɗai fitila take samun su, su ma sai waɗanda ruwa ya ja zuwa cikin bututu. Ke nan tana rage yaɗuwa, amma ba ta warkar da kifin da ya riga ya kamu. Hasali ma idan an zuba magani a tanki akan kashe fitilar, domin haskenta yana lalata wasu magunguna.

Haka nan ba ta cire gubar amoniya da take fitowa daga kashin kifi. Wannan aikin wasu bakteriya ne masu amfani da suke zaune a jikin soson mataci da tsakuwa. Da yake a manne suke, fitila ba ta cutar da su, sai dai a sabon tanki akan jinkirta kunna ta na 'yan makonni har su kafu. Gansakukar da take manne a gilashi ma sai an kankare ta da hannu, an kuma janye tankin daga hasken rana.

Babbar hanyar da cuta take shiga tanki ita ce sabon kifi. Abin da ya faru a Gana a 2018 ya nuna haka a matakin ƙasa. A shekarar ma'aikatar kula da kamun kifi da kiwonsa ta hana shigo da kifin ado da karfasa daga waje, daga 1 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba, saboda tsoron wani bairos na karfasa mai suna TiLV. A ƙarshen shekarar kuma wani bairos daban, ISKNV, ya ɓulla a kejunan kiwon karfasa na tafkin Volta, inda gonaki da dama suka yi asarar fiye da rabin kifinsu. Ba a iya bi da ruwan tafki ta cikin bututu, kuma cutar da ta zo a cikin jikin kifi ba ta bi ta gaban fitila ba. Darasin ga mai tanki ɗaya a Aboabo shi ne ya ware sabon kifi a wani mazubi na mako biyu zuwa huɗu kafin ya haɗa shi da sauran, kada kuma ya riƙa amfani da koma ɗaya a tankuna biyu. Mai neman ƙarin shawara yana iya tuntuɓar jami'an Hukumar Kula da Kifi, ko sashen nazarin kifi na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke cikin garin.

9.0 Kulawa da Kiyaye Lafiya

Ƙwan zaiba yakan yi awa 8,000 zuwa 9,000 yana aiki, shekara kuwa awa 8,760 ce. Saboda haka fitilar da ba a kashewa ana canja mata ƙwai sau ɗaya a shekara. Shuɗin hasken da ake hangowa ta 'yar tagar na'urar ba shi ne UV-C ba, kuma yana iya ci gaba da haskawa bayan ƙarfin kisan ya ragu da kashi 20 cikin 100 ko fiye. Dabara mai sauƙi ita ce a rubuta ranar da aka sa ƙwan a jikin na'urar. Wannan raguwa kuma dalili ce ta sayen fitilar da ta ɗan fi ƙarfin bukata, domin ta ci gaba da isa har ƙarshen wa'adinta.

Kuben kwaz yana bukatar gogewa duk bayan wata biyu ko uku da ruwan tsami ko na lemun tsami da ƙyalle mai laushi. Ba a taɓa ƙwan da tsirarar yatsa, saboda maiƙon hannu yana barin tabo.

Game da lafiya, UV-C yana ƙona ido da fata, kuma zafin ba ya bayyana sai bayan wasu awoyi. Ba a kunna ƙwan a wajen gidansa ko da domin gwaji ne. A gidan haya mai yara da yawa, a ɗaure na'urar inda hannu ba ya kai, a cire fulogi kafin a sa hannu a ruwa, a kuma bar wayar ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket domin ɗigon ruwa ya zuba a ƙasa. Mataccen ƙwai yana ɗauke da zaiba, wadda guba ce. Ita ce ma dalilin Yarjejeniyar Minamata ta 2013. Kada a fasa shi, kada a jefa shi a kwata ko a wuta.

10.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa zaɓen fitilar UV lissafi ne mai matakai: a san abin da ake son kashewa, a san rabon hasken da yake bukata, a auna cin tanki da ainihin gudun ruwa, sannan a nemi na'urar da jadawalinta ya nuna tana ba da wannan rabo a wannan gudu. An kuma ga cewa wurinta bayan mataci ne, kuma ƙwanta na shekara ɗaya ne. Mai tankin ado da koren ruwa ya dama, da mai ƙyanƙyasar kifi da tataccen ruwa, su ne za su ci moriyarta. Mai tankin tamfol kuwa, gara ya sa kuɗinsa a canjin ruwa da injin iska da kuma mazubin ware sabon kifi.